Mai Sunan Maigida

Dosiye bakwai na takardun neman aiki na haɗa a shekarar nan, kuma har yau in na ji warin takardar da ta fito da zafinta daga injin fotokofi, sai gajiya ta sauko mini tun daga wuya. Kowane dosiye sai an sa masa takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da shaidar lakwal, wato makaranta, da hoto, kuma kowace takarda sai ta kwana a meri, ofishin magajin gari, kafin a buga mata hatimi. Mai fotokofin bakin tashar Matameye ya saba da ni har ya daina tambayata kofi nawa. Da ya hango ni sai ya ce, "Madam, yau kuma wace ma'aikata za mu ba tsoro?" Nakan yi dariya don kada in zage shi, tunda shi kaɗai ke da janareto a layin.

Aikin da nake nema na amsa waya ne. Kamfani ya tara ku a ɗaki ɗaya, kowa da abin saurare a kunne da inji a gabansa, mutane su kira da ƙorafi, ke kuma ki ba su haƙuri ki rubuta abin da suka ce. Na duba na ga ba abin da zai gagare ni a nan. Na yi lakwal har ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, jarrabawar fita ce kawai ta kayar da ni sau biyu. Faransancina bai yi tsatsa ba, Hausa kuwa ai ba a magana. Ba da haƙuri ma na iya, shekarata tara da aure.

Biyar daga cikin dosiyen nan Yamai na aika su, huɗu ko tari ba su yi ba. Na biyar sun kira, amma ranar ina Dawce wajen suna, inda salula ke mance ƙasarta ta kama rezo, wato layin waya, na Najeriya. Sai da na dawo gida na ga alamar sun neme ni. Na bi lambar har yatsana ya gaji, wata muryar inji tana ta ce mini in jira. Sauran biyun duk wuri ɗaya suka je, a Damagaram, inda wani kamfani mai sayar da fitilun sola ya buɗe ɗakin amsa waya, yana neman masu jin Hausa da Faransanci.

Ba sha'awar zaman buro, wato ofis, ce ta sa ni wannan zirga-zirga ba. Maigidana ya taɓa zuwa Aljeriya leburancin gini, kamar yawancin mazan unguwarmu, kuma ni na ga yadda ya dawo. An kwaso su an zube a bakin iyaka, suka tako da ƙafa cikin rairayi. Na fi mako biyu ina jiƙa masa ƙafafu a ruwan ɗumi da gishiri kafin ya iya sa takalmi. Da ya warke ya koma garkar rakensa a fadama, amma ruwan rijiya kullum ƙara nisa yake yi, raken yana fitowa siriri. Wata rana yana wanke hannu bayan cin abinci, ya ce mini, bai ko dube ni ba, in an gama girbi bai ga wata hanya ba zai koma arewa. Na ce in ni na samu aiki fa? Ya ce in na samu ya fasa. Shi ba mai yawan magana ba ne, amma abin da ya faɗa ya faɗa. Ke nan wa'adina daga farkon damina ne zuwa kaka.

Akwai abin da ya kamata in faɗa game da gidanmu kafin in ci gaba. Tun ranar da aka ɗaura mana aure ban taɓa kama sunan maigidana ba. Na san matan yanzu a birni suna ƙwala wa mazansu kira da suna a tsakar gida, kuma ban ce sun yi laifi ba. Ni dai kakata ce ta rene ni a Kurni, a wajenta kuwa matar da ta faɗi sunan mijinta da wadda ta shiga kasuwa ba ɗankwali duk ɗaya suke. In na je awo gidan likita aka tambayi sunan miji, sai in miƙa kati. In na mance katin, maƙwabciyar da muka zo tare ta faɗa a madadina, in an zo kanta ni ma in faɗa mata nata. Haka muke yi, ba wanda ya taɓa ganin wani abin mamaki a ciki.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunan nasa na kowa da kowa ne. Mai kawo mana ruwa sunansa ke nan, haka mahaucin bakin kasuwa, haka ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na goya na yi shekaru ina kiransa da sunan, rana ɗaya ya koma "mai sunan maigida". Inna ma, mahaifiyar maigidana da muke zaune tare, ba ta faɗa, domin shi ne ɗanta na fari. "Wannan" take ce masa, ran da ta ji daɗinsa kuma ta ce "mutumin garka". Yaranmu biyu Baba suke cewa. Saboda haka a waje ne kawai yake jin sunansa, a bakin abokai da masu sayen rake.

Ranar ganawar farko na bi motar sassafe. An matse ni tsakanin buhun barkono da wata tsohuwa mai kaji, na isa Damagaram atamfata ta Sallah tana warin duka biyun. Na tarar da layi a ƙarƙashin rumfar kwano, 'yan mata da samari kowa da ambulan ɗinsa a ƙirji, wasu sai ƙamshin turare suke kamar masu zuwa biki. Muka yi zaman jira har rana ta take. Aka gwada mu bugun rubutu a inji, na yi abin da Allah ya hore mini. Daga nan aka shiga kiranmu ɗaya bayan ɗaya.

Wadda ke ganawar wata mata ce da gilashi rataye a wuya, kowa Madam yake ce mata. Ta yi mini tambayoyi da Faransanci, na amsa, na ga tana kaɗa kai. Sai ta juya Hausa ta bayyana mini gwajin ƙarshe. Wani ma'aikacinsu yana ɗakin da ke kusa, zai kira a matsayin kliyan, wato mai sayen kaya, wanda fitilarsa ta mutu. Minti uku gare ni. Dokar gidan kuma ita ce sai na ambaci sunan kliyan sau uku, wajen gaisuwa, da tsakiyar magana, da wajen sallama, don ya ji an san da shi. Ta ɗora mini abin saurare bisa ɗankwali, ta zaro kati ɗaya daga cikin tari ta ajiye a gabana.

Na dubi katin. Ga sunan maigidana nan an rubuta da manyan baƙaƙe, ko kunya babu.

Waya ta yi ƙara, na danna inda aka nuna mini.

"Allo, barka da rana. Da... da..."

"Allo? Ina jin ki," in ji muryar.

Na buɗe baki na rufe. Ina ganin agogo a fuskar injin yana cin daƙiƙoƙina. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya, wallahi kamar ƙashin kifi. Da na ga shirun ya yi yawa, sai bakina ya yi abin da ya saba.

"Da mai sunan maigida nake magana?"

Dariyar mutumin ta zo mini ta hanya biyu, ta cikin kunne da ta jikin bango. Madam ba ta yi dariya ba. Ta miƙo hannu ta kashe kiran.

"Sunan mijinki ne?"

Na sunkuyar da kai.

"Na gane," ta ce. "Uwata ma har ta koma ga Allah ba ta hwaɗi na babana ba. Amma uwata ba ta nemi aiki nan ba."

Na ce ta yi wa Allah ta canza mini kati, ga su nan da yawa.

"In na canza miki kati yau, gobe wa za ya canza miki kliyan? Sunan nan sai kin gamu da shi sau goma kahin azahar. Muryarki na da kyau, Faransancinki ba laihi. Nan da wata biyu za mu sake ɗiba. In bakinki ya buɗe, ki dawo."

Na fito raina a ɓace. Da zagina ta yi da na samu abin riƙewa, in zo gida in yi ta ba da labarin wulaƙancin mutanen birni. To gaskiya ta faɗa, kuma cikin mutunci, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Duk tsawon hanya ban yi wa kowa magana ba, har yaron mota ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Da na ba maigida labari, dariya ya yi har da riƙe ciki, har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa na yini ban ci komai ba, ƙafafuna sun kumbura. Na ce masa ya yi dariyarsa da kyau, ya ma rage wata ya ƙulle a leda, zai buƙace ta a cikin hamada. Na san na wuce gona da iri, amma ban ba shi haƙuri ba, na tashi na shiga madafa ina buga tukwane.

Washegari da ya dawo daga garka bayan la'asar, Inna ta fita unguwa, ya ɗauko salularsa ya je bayan zanan awaki ya zauna a kan turmi. Ya kara ta a kunne, bai kira kowa ba.

"Madam, allo," ya ce da muryar tsofaffin ƙauye. "Hitilar nan da kuka saida mini, yini take tana shan rana, in duhu ya yi ko ido ba ta buɗewa. Ko barci kuka saida mini?"

Na tsaya a bakin ɗaki ina harararsa ta cikin zana. Sai na ga da gaske yake. Na ɗauko tawa salular na kara a kunne, na yi gaisuwa kamar yadda aka koya mana, na zo daidai wurin na cije. Ya jira. Awaki suna ta tauna. Ya ce ba komai, kliyan zai sake kira gobe.

Haka muka yi kusan mako biyu. Kullum in zo wurin in tsaya kamar jakin da ya ga rami. Ni da na tsaya gaban malaman lise na karanta darasi da ka, ga ni na kasa furta kalmar da yaran unguwa ke ihunta a bakin rijiya. Na fara gwadawa ni kaɗai. In ina daka sai in faɗi sunan daidai lokacin da taɓarya ta faɗa turmi, don ƙarar ta haɗiye shi. Na gwada cikin randa in na sunkuya ɗiban ruwa. Ko a nan ma sai na waiga na tabbatar ba kowa, kuma duk da haka sai in ji fuskata ta yi zafi, in ji kamar kakata tana tsaye a bayana.

Ranar da sunan ya fita daga bakina, ban shirya ba. Na gaji ne kawai. Ya yi ƙorafinsa na fitila, na rufe ido, na ce, "Barka da yamma, da wane nake magana?" Sai dai a wurin "wane" ɗin sunan ne ya fito, cikakke, da muryata.

Na ce, "Allo?"

"Sake hwaɗa," ya ce, ya mance da muryar tsohon ƙauyen.

"Kliyan ba ya cewa haka."

"Wannan kliyan ya ce."

Na sake faɗa. Kunya ta kama ni kamar in nutse, amma ba zan ɓoye ba, na ji wani daɗi a ƙarƙashinta wanda ban san da shi ba. Daga baya ya gaya mini rabon da ya ji sunansa a bakin mace tun kakarsa, kuma ta rasu yana ƙarami. Ya ce in ba abokai da masu sayen rake ba, masu kiransa da shi jandarmomi ne da shugaban gini, su kuwa ba don alheri suke kira ba.

Abin da ba mu sani ba shi ne Inna ta dawo da wuri ran nan, tana cikin zaure tana kakkaɓe takalmi. Ta shigo ta wuce mu ba sallama. Kwana biyu in na gaishe ta sai ta amsa da "lafiya" guda ɗaya, ta kau da kai. Tuwona ma ta ci kaɗan ta ture. A rana ta uku na same ta tana tsince wake, na durƙusa na kwashe labarin duka na gaya mata, tun daga katin har zuwa turmin bayan zana. Ta saurara hannunta bai daina aiki ba.

"Aikin nan, in kin samu, ba za ya tahi ba?"

"Haka ya ce, Inna."

Ta daɗe tana juya wake a faifai. Can ta ce, "Ni ban ji komai ba. Tashi ki duba tukunyarki."

Daga ranar, kullum da an yi la'asar sai ta yafa mayafi ta tafi gidan maƙwabta taya su ɓarar gyaɗa, alhali ita da matar gidan sun shekara ba sa ga maciji. Ba ta dawowa sai an kira magariba. Mu kuma mu yi ta kiranmu. Maigida ya zama kliyan iri-iri, mai faɗa, da kurma, da mai son ba da labarin ciwon bayansa. Na koyi katse shi cikin ladabi, na koyi gamawa kafin minti uku, sunan kuma yana fita sau uku ba gargada. A cikin shekara tara ban tuna lokacin da muka yi hira da dariya kamar na wannan daminar ba, kuma duk ta bayan zana muka yi ta.

Da lokaci ya yi suka ce sai sabon dosiye, wai hatimin na farko ya tsufa. Na koma wajen mai fotokofi, na koma meri, na sake bin motar sassafe, na sake zaman rumfar kwano. Wasu fuskokin na gane su tun karon farko, muka gaisa kamar 'yan uwa. Da aka kira ni, katin da aka ajiye mini sunan mace ne a kai. Saura kaɗan in yi ƙorafi, bayan duk wahalar da na sha. Na yi kirana lafiya, na gama agogo bai cika ba. Ina cire abin saurare Madam ta sa gilashinta ta ƙare mini kallo.

"Ke ce ta Matameye?"

Na ce ni ce. Ta tona cikin katunan ta zaro wancan mai sunan maigida, ta tura mini, ta ƙwanƙwasa bango. Waya ta yi ƙara. Na gaishe shi da sunansa, na ba shi haƙuri da sunansa, na sallame shi da sunansa. Mutumin ɗakin kusa bai samu abin dariya ba ran nan.

"Madalla," in ji Madam. "Za mu kira ki."

Na sayi burodi a tasha na kawo gida, abin da ban saba ba. Na ce musu an ce za a kira. Inna ta ɗaga hannu ta yi addu'a, maigida ya ce shi dai a ba shi ladan koyarwa. Na yi kuskure da na bari suka ga murnata, domin daga ranar ba ni kaɗai ke jira ba.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka roro wake. Salulata ba ta rabuwa da ni, har bayi da ita nake shiga. In ta yi ƙara gidan duka ya tsaya, Inna ta leƙo daga ɗaki, sai in ga ƙanwata ce tana tambayar yadda ake haɗa yajin jego. Na daina zuwa ko'ina kusa da iyaka don kada rezo ya sake yi mini irin ta Dawce. Maigida kuwa na ga ya kai tsohuwar jakarsa wajen mai gyara an sa mata sabon zif.

Saƙon ya zo da hantsi, ina shanya. Layi uku ne da Faransanci mai laushi: sun gode, ba a ɗauke ni ba a wannan karon, dosiyena yana ajiye. Na zauna a bakin rijiya na kira lambar kamfanin. Wata yarinya ta ɗauka, da murya mai daɗi, watakila muna layi ɗaya da ita a rumfar kwano. Ta duba a inji ta ce mini an fifita mazauna cikin Damagaram ne saboda aikin na karɓa-karɓa ne, ni kuwa takarduna sun nuna Matameye. Na ce gwaggona tana da ɗaki a birni, ba wanda ya tambaye ni. Ta ce ta fahimta, za ta rubuta. Ta ambaci sunana sau uku, ta sallame ni kafin minti uku. Ba laifi, ta iya aikinta.

Ban yi kuka ba. Na ƙarasa shanyata, domin kayan ba za su shanya kansu ba. Da maigida ya dawo na miƙa masa salular, ya dubi rubutun da ba ya iya karantawa, ya dubi fuskata, ya mayar mini. Na ce ya ƙara mini wata uku, akwai wasu wuraren. Ya ce, "Madam, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Rumbu ne ba za ya jira ba." Na yi faɗa, na yi roƙo, na ƙi yi masa magana yini guda. Bayan kwana tara muka raka shi tasha da safe. Mutane sun cika, ga abokansa, ga 'yan uwa. Na tsaya cikin mata na ce Allah ya kiyaye hanya, kamar yadda kowa ya ce.

Ya kira daga Agadas, ya kira daga Arlit. Da ya tsallaka iyaka, layinsa ya daina aiki, sai ya riƙa aron salular mutane. Sau uku ya kira, kowane da lamba dabam. Ya ce ya samu gini, suna kwana a wani gida da 'yan ƙasarmu, kada in damu. Na ce fitilar fa, ta gyaru? Ya yi dariya, layin ya yanke. Yau da nake rubuta wannan, wata uku ke nan rabona da muryarsa.

Makonnin farko na ce rezo ne. Daga baya aka fara raɗe-raɗin an yi kame a garin da suke, wasu suka ce a'a, sun dai yi gaba neman aiki. Kowa da abin da ya ji daga wani. Inna ta rage cin abinci, ta daina fita ko nan da zaure. Ni kuma ina ta jiran a kira ni, abin da na fi ƙwarewa a kai a shekarar nan. Wata safiya, bayan yara sun tafi lakwal, na ga jiran ya ishe ni. Na sa kiredin kira a salula, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rezo ya fi ƙarfi, na nemo lambobin nan uku. Inna ta fito da carbinta ta zauna a gefen tabarmar.

Lamba ta farko ta daɗe tana ƙara kafin wani mutum ya ɗauka. Ana jin hayaniya a bayansa, da ƙarar guduma.

"Allo, wa ke magana? Wa kike nema?"

A da, a nan zan ruga in kira maƙwabciya in miƙa mata salula. Na dubi Inna, idonta yana kan carbi. Na gaishe shi, na faɗi sunan, na haɗa da na mahaifinsa, na ce mutumin Matameye ne, dogo, mai tabo a haɓa. Mutumin ya ce in dakata. Na ji ya janye salular daga bakinsa ya ƙwala kiran sunan cikin gidan, na farkon kawai. Mutum uku suka amsa.

Aka kawo mini su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne kafin ya gama "allo" na san ba shi ba ne, amma na tsaya na gaishe shi, na yi masa bayani. Na farko ya ce bai san shi ba. Na biyu ya zaci matarsa ce, na ji yadda muryarsa ta faɗi da ya gane. Na ukun mutumin Yauri ne, ya ce kamar sun taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai irin wannan kama, amma an daɗe, bai san inda suka nufa ba. Na yi masa godiya, na roƙe shi in ya ji wani abu ya neme ni a wannan lambar. Na kashe, na ajiye salular a cinyata.

Inna ba ta motsa daga inda take ba. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Da sauran lamba?"

"Saura biyu, Inna."

"To kira," ta ce. "Ki ɗaga murya in kin zo wurin. Da hayaniya wajensu, kada su ce ba su ji ba."

Na goge fuskar salular da bakin zanena, na danna ta biyu.